Daga Rumbu Zuwa Armuwar: Waiwaye Kan Ajiya a Gidajen Dakoro

Dakoro tana zaune ne daidai inda noma yake ƙarewa kiwo ya fara. In ka taso daga Maradi ka biyo ta Sabon Mashi da Kornaka, gonakin hatsi da wake ne dama da hagu har ka shigo gari. In ka wuce gaba ka ƙetare kwarin Tarka, ka faɗa ƙasar makiyaya, wadda ta miƙe har Bermo da Gadabeji. Tun 1961 doka ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba a arewacin Nijar, kuma ta yankinmu iyakar ta ratsa, ko da yake hauya ta daɗe da tsallake ta. Wannan zama na tsakiya ya sa yaron da ya tashi a nan yake ganin ajiya iri-iri tun bai san sunan ma'ajin ba. Manomi dukiyarsa wuri guda take zaune, shekara ta zagayo ta iske ta. Bafillatani da Ba'abzine tasu bisa ƙafa take, duk abin da ba zai hau bayan jaki ko raƙumi ba wahala ce gare su. Ɗan kasuwa kuwa tasa shiga take tana fita, ba ya son ta daɗe a hannunsa. Kowannensu ya samar wa kansa ma'aji daidai da zamansa, kuma ban taɓa jin ɗaya ya yi sha'awar na ɗan'uwansa ba.

Wannan sani nake ganin yana kuɓuce mana. Kayan ajiya sun cika kasuwa fiye da kowane zamani, amma sai ka shiga gida goma ka iske abu iri ɗaya, ko ya dace da gidan ko bai dace ba, ko ya yi daidai da halin mai ɗakin ko bai yi ba.

Rumbun ƙasarmu na zana ne da kara. Ƙasar tudu ce mai yashi, laka mai kyau ba ko'ina take ba, shi ya sa manyan ruhewa masu tumbi, irin na Adar ta wajen Buza da Keita, ba su yawaita a nan ba. Ana kafa gwafanni ko a jera duwatsu, a shimfiɗa itace a bisa domin gindin ya rabu da ƙasa, kada gara da laima su samu hanya. Sai a kewaye da zana, a ɗaure da tsumagun geza ko sabara, a kifa jinka a kai. Ba shi da ƙofa. Mai shiga sai an ɗaga jinkar an tokare ta da sanda, ya hau ya dira ciki. Yawanci kuma a bayan gari ake jera rumbuna, nesa da murhu, domin in gobarar hunturu ta kama gidaje kada ta haɗa da abincin shekara.

Da zangarniyarsa ake zuba hatsin, kuma zubin kansa gwaninta ce. Ana kwance dami, a jera zangarniyoyi a zagaye, hawa bisa hawa, a danne su a matse, yadda iska za ta ratsa amma kusu ba zai samu wurin sakewa ba. Hatsin da ke jikin zangarniya ya fi sussukakke daɗewa nesa ba kusa ba, tsofaffi har labarin rumbun da ya shekara uku ba a taɓa shi ba suke bayarwa. Magidanci da dami yake lissafi: ya san damman da ya shigar, ya san nawa gidansa ke ci kafin kasuwa ta zagayo, daga nan ya san watan da zai ga gindin rumbu.

Rumbu ba shi da kwaɗo. Kunya ce ke gadinsa, da dokar gida wadda ba a rubuta ba amma kowa ya sha ta da nono. Matar aure ba ta leƙa rumbun mijinta. Maigida ko babban ɗansa ne zai fiddo dami ya miƙa mata. Wanda aka kama ya saci hatsi a rumbu kuwa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Rumbunan ma kashi biyu ne. Akwai na gandu, na gida duka, wanda a gidaje da yawa ake rufewa bayan kaka, ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. Akwai kuma ƙanana na gamana, gonar da mace ko saurayi ke nomawa don kansa, su ake ci da rani. Akwai hikima a wannan rabo, domin yana hana a cinye abincin damina tun da rani. Amma sharaɗinsa shi ne rumbun gamana ya kasance da abu a ciki.

Sharaɗin nan ne ya karye. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun rarrabu wajen gado, saura ta ƙare, kuma gamanar mata ita aka fara matsewa. A 2005, bayan fari da fara na daminar 2004, Dakoro na cikin garuruwan da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa. A lokacin an yi ta maganar mazan da suka tafi bida Najeriya suka bar rumbu a rufe, mata da yara na cin ganye a gindinsa. Baƙin da suka zo da kyamarori sun ɗauki abin rashin imani tsagwaronsa. Ni ban wanke mazan ba, domin wanda ya bar yaro da yunwa alhali akwai hatsi sai ya amsa tambaya gaban Allah. Amma na san abin da ke zuciyar da yawansu: in aka buɗe rumbun gandu tun watan uku, da me za a yi noma a watan bakwai, ina za a samu iri? Sun riƙe rabin tsarin kakanninsu, ɗaya rabin kuwa, wato rumbun matar, ya riga ya zama fanko. Tun daga nan na daina kallon ma'aji a matsayin kara da zana kawai. Abin da nake fara tambaya shi ne, wa ke da ikon buɗewa, kuma in ba ya nan wa zai buɗe?

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Bayan yunwar 1931 Faransawa sun tilasta wa talakawa zuba wani kaso na hatsinsu a rumbunan tsimi da ke ƙarƙashin hukuma. Manufar ba ta da laifi, amma mutane sun tsani abin, saboda hatsinka ne, ikon buɗewa kuma na wani. Daga baya gwamnatin Nijar ta kafa hukumar abinci ta OPVN a 1970 da manyan mangazunta. Sai ga yunwar 1973 da 1974, sai ta 1984 wadda ake kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Daga waɗannan shekaru rumbun da ke kai shekara ya zama abin nunawa da yatsa, sata ta daina zama abin mamaki, mutane suka fara sussuke hatsi tun da kaka suna ɗurawa a buhu. Buhu yana shiga ɗaki, ana kulle shi, ana aza shi a amalanke a kai kasuwa ranar da bukata ta taso. Abinci ya baro bayan gari ya dawo lungun ɗakin maigida. Ɓarawo ya samu cikas, ƙwaro kuma ya samu sauƙi, domin tsaba a buhu ba ta da garkuwar da zangarniya ke ba ta.

Wake ya fi komai ba da wahala. Ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi, wata biyu zuwa uku sai ka ɗebo ka ga duk huda, gari na zuba. Iyayenmu da toka ko yashi mai laushi suke cuɗa shi, su zuba a tukunya su liƙe bakin da laka. Dabarar tana aiki, amma ta iri ce da ɗan abin miya, ba ta buhu goma ba. Da noman wake ya zama na kuɗi, ana lodinsa zuwa Najeriya, sai aka koma ga hodar magani da ƙwayar nan da ake kira bom, ana jefa ta a buhu, buhun kuma a ɗakin da yara ke kwana. Wannan kam ganganci ne da rai, kuma har gobe akwai masu yi.

Shi ya sa a cikin sababbin abubuwan da suka shigo mana babu wanda nake yabo kamar buhun PICS. Asalin dabarar daga binciken Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka ne, wanda ya yi a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa buhun a ƙasashenmu, kuma wani babban kaso na gwajinsa a nan Maradi aka yi, a cibiyar INRAN, a hannun Dokta Ibrahim Baoua da abokan aikinsa. Buhu uku ne cikin juna: leda biyu masu kauri, sai buhun saƙa a waje. Ɗaurin ne sirrin. Za ka zuba busasshen wake a ledar ciki, ka girgiza ya zauna, ka bi da tafin hannu ka matse iskar da ta rage har leda ta lafe a jikin waken, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa shi, ka ɗaure tam. Sannan ka yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan na waje. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta saura, daga nan sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba magani, ba wari. A ƙauyuka an riƙa tara jama'a bayan watanni a kwance buhun a gabansu, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya gani da idonsa. Manomin da a da yake rabuwa da wakensa da arhar kaka saboda tsoron ƙwaro, yanzu yana iya jira har kuɗinsa ya tashi.

Duk da haka mata da yawa da na sani ba su bar bido ba, wato jarkar mai da aka wanke aka shanya. In ka tambaye su za su ba ka hujja mai ƙarfi. Buhun na son a ɗora shi bisa katako, a raba shi da bango, kuma huda ɗaya ta kusu ta isa ta ɓata aikin. Ba ya kuma son yawan buɗewa. Mace kuwa kullum cikin ɗiba take, yau tiya guda ta ƙosai, jibi rabin tiya ta baƙi. In ta raba wakenta a bido huɗu, ta cika kowanne har wuya ta toshe, sai ta buɗe ɗaya ta bar uku a rufe. Mai ajiya don sayarwa gaba ɗaya buhu ya fi masa. Mai ci da kaɗan-kaɗan bido ya fi mata. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

A ɗakin mace ne bambancin hali ya fi fitowa fili. Jere ya faro ne da ƙorai da akusa da tasoshi, sannan kwanonin fenti suka shigo, langa da samira da kwalla, da fari daga Turai da Hong Kong, daga baya daga masana'antun Kano da Legas. Bayansu kuloli da tangaran na Sin suka biyo. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ne kawai. Jere banki ne: shekarar da ta yi tsanani sai a zare kwalla guda a kai kasuwa a auno hatsi. Ma'aji ne kuma, domin cikin kwanonin nan da ke kife da murfi akwai kuɗi, da goro, da daddawa, da turare, da irin kuɓewa da na yakuwa a ƙulle a tsumma.

Goggona, ƙanwar mahaifina, mai jere ce ta ƙin ƙarawa. Bangon ɗakinta tun daga ƙasa har kusa da rufi kwanoni ne, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane jeri da launinsa. Ko da dare ne, fitila a kashe, tana zaune a tsakar gida za ta aike ka: "Kai ɗan nan, jeri na biyu daga bakin ƙofa, langa ta uku daga ƙasa. Ka sauke na sama ɗaya bayan ɗaya, kada ka rungumo su. Kanwa ce a ciki, ka gutsuro kaɗan." Ka je ka lalubo, ka iske kanwa. In wani ya taɓa mata jeri ya mayar da murfi a karkace, daga bakin ƙofa za ta gane. Duk bayan ƴan kwanaki sai ta sauke su kaf ta goge ƙura, aikin yini guda, kuma a fuskarta kake ganin ba ta ɗauke shi aiki ba. Ita hankalinta ba ya kwanciya sai tana ganin abinta.

Abokiyar zamanta kuwa, in ka shiga ɗakinta sai ka rantse ba ta da komai. Gado ne, da tabarma, da randa a lungu bisa jiƙaƙƙen yashi, da ragaya biyu na reto daga rufi, ɗaya da ƙwaryar nono, ɗaya da sauran tuwo, inda kyanwa da tururuwa ba sa kaiwa. Dukiyarta duk tana cikin adudu biyu da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Zannuwanta a ninke suke, kowane rukuni a ɗaure cikin kallabi: na biki daban, na zuwa gaisuwa daban, na yau da kullum daban, da ɗan ƙullin kajiji a tsakani. Ruwa na ɗaukewa sai ta fiddo su duka ta shanya, ta kakkaɓe adudun, ta mayar. Goggo takan ce mata, "Amarya, kaya ai don a gani aka saye su." Ita kuma ta ce, "Yaya, abin da ido bai gani ba baki ba ya roƙo." Gida ɗaya, miji ɗaya, samu kusan ɗaya, kuma ban taɓa jin ɗayarsu ta nemi allura ta rasa ba. Da an musanya musu ɗaki, da duk su biyun sun rikice.

Makiyaya nasu darasin daban ne. Matar Bororo tana da saga, ɗan gadon da take jera ƙoranta a kai duk inda aka sauka, kuma ƙoran a shige suke cikin juna, ƙarama cikin babba, yadda in an ce tashi za ta haɗa su ta ɗaure ta aza wa jaki ko takarkari kafin rana ta yi zafi. Ba'abziniya jakunkunan fata gare ta, kowace da abin da ke shiga cikinta, a rataye a jikin sandunan tanti. A wurinsu abin da ba shi da mazauni a bayan dabba ba shi da mazauni a gida. Su ma zamani ya taɓa su. Salka ta ba bido da tiyub ɗin babbar mota wuri, saboda sun fi ɗaukar ruwa kuma ba sa neman jima da gyara. Sai dai salka tana sanyaya ruwa, roba kuwa dafa shi take, shi ya sa za ka ga an ɗinke wa bido rigar buhu ana jiƙa ta. Babban abin da ya sauya musu ma a waje yake. Ma'ajin makiyayi daji ne, ciyawa na tsaye tana jiransa har bazara. Yanzu amalanke na kwashe ta, ana jibge ta bisa rufin gidaje da rassan itace tare da kara da harawa, a sayar masa da ita da tsada a watan biyar. Dokar kiwo ta 2010 ta sa ƙa'ida kan wannan kwasa, kuma a shekarar ne ma dabbobi masu yawa suka mutu a wajen Gadabeji, amma duk mai ido ya san amalanken ba su tsaya ba.

Sai armuwar. Yau a Dakoro da ƙauyukanta da wuya a kai amarya ba tare da gado da armuwar da bufe ba, iri ɗaya, launi ɗaya, an ɗauro su bisa mota daga Maradi ko an haɗa su a nan. Yawancinsu garin katako ne aka matse aka liƙa wa fomika. An yi su ne domin ɗakin siminti mai faɗi wanda ba ya yoyo. Mu kuma sai mu cusa su a ɗakin laka mai daɓen ƙasa. Damina ɗaya gindin ya sha laima ya kumbura, gara ta shiga ta baya inda ba a gani, ƙofa ta saki, madubi ya tsage ranar da aka tashi matsar da shi. Uwar amarya kuwa ta sayar da tumakinta ta ci bashi a kan wannan. Kwallar da uwarta ta jera mata a zamaninta ko bayan shekara ashirin tana da kuɗi a kasuwa; armuwar da ta kumbura ko kyauta ba mai ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya tambayi yarinyar. Wata irin Goggo ce, tana son ta ga kayanta a fili, sai ta iske kanta da ƙofofi shida, ta dinga jibga komai a bisa gado. Wata irin amaryar Goggo ce, akwati biyu masu kyau sun ishe ta, sauran kuɗin da an saya mata tunkiya.

Ba gaba nake da armuwar ba. Ma'aikacin da ke zaune a gidan siminti, mai rigunan da ake gogewa a rataye, ita ce daidai da shi. Amma malamin makarantar da ake yi wa canjin wuri duk bayan ƴan shekaru, yau Azagor gobe Dan Gulbi, akwatin ƙarfe da jakar leda mai zif sun fi masa. Haka robobi masu murfi da bokitan fenti da suka cika gidaje: gara ba ta cin su, kusu ba ya huda su da sauƙi, ga arha, illarsu kawai kada a bar su a rana, su bushe su farfashe.

Akwai wani kafinta a garin nan da ya burge ni. Wata hajiya ta zo da hoto a salula tana son a yi wa ɗiyarta irinsa. Kafin ya faɗi kuɗi sai ya ce, "Hajiya, ɗakin daɓe ne ko siminti?" Ta ce daɓe. "Rufin fa, kwano ne ko laka?" Ta ce laka. "Ita yarinyar mai ninke kaya ce ko mai ratayewa?" Hajiya ta yi dariya ta ce, "Malam, aure za a yi ko tambayar kabari?" Ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, in na yi miki wannan, baɗi war haka za ki zage ni." A ƙarshe kanta suka shirya, hawa huɗu, da katako na gaske, maƙerin walda ya yi mata ƙafafun ƙarfe masu tsawon taki guda domin tsintsiya ta shiga ƙarƙashi a kuma ga hanyar gara tun tana farawa, aka sa labule a gaba maimakon ƙofa. Kuɗin bai kai na hoton ba. Tambayoyin nan uku kowace uwa za ta iya yi wa kanta tun kafin ta je wurin kafinta.

Wani kayan da kakanninmu ba su sha wahalar ajiye shi ba shi ne takarda. A da takardar lanho, wato haraji, ce kawai ake soke wa a jinka ko a sa a gafaka. Yanzu ga takardar haihuwa, ga katin ɗan ƙasa, ga na rigakafi, ga sakamakon makaranta, ga takardar gona da hukumomin filaye ke bayarwa tun bayan dokar karkara ta 1993. Su ne mafi tsada a gida, su ne kuma aka fi wulaƙantawa, a ƙarƙashin katifa ko a saman bango inda ruwa ke bi. Gara na iya cinye shaidar gonar gado a dare kaɗan. Leda mai kauri da ƙaramar akwatin ƙarfe a rataye sun isa, muddin mutum biyu a gidan sun san inda take.

Kwaɗon da rumbu bai sani ba yanzu shi ke riƙe da amana, kuma mutanenmu sun iya raba shi. A tsarin warantaj, wanda hukumar FAO ta taimaka aka fara a Nijar a 1999, manoma na zuba amfanin gona a mangaza su karɓi bashi a kai, ƙofar kuma kwaɗo biyu gare ta, makulli ɗaya a hannun ƙungiyar manoma, ɗaya a hannun masu ba da bashin. Asusun Mata Masu Dubara, wanda CARE ta faro a jihar Maradi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama, akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba ya buɗuwa sai a gaban taro. Matan da aka hana leƙa rumbu su ne suka fi kowa iya tsara yadda za a buɗe ma'aji ba tare da an zalunci kowa ba.

Yanzu kuma kuɗi sun fara komawa cikin salula. Wuta ba ta cin su, gara ba ta cin su, ɗa yana Libiya ko Legas zai aiko su iso a yini. Amma makullin lambobi ne, tsohuwar da ba ta karatu kuwa dole ta faɗa wa jika ko mai shago lambar, daga nan ajiyar ta bar hannunta ko da wayar na ƙulle a bakin zanenta. Na tambayi ɗaya daga cikin shugabannin asusun unguwarmu ko ba za su mayar da kuɗinsu waya su huta da ɗaukar akwati ba. Ta ce sun zauna a kan maganar. Kuɗin da za a aika Maradi saro kaya, ta waya suke turawa. Zubin mako kuwa yana nan a akwati, a ƙirga shi da ƙarfi bisa tabarma kowa na ji, domin kaɗan ne a cikinsu ke iya karanta saƙon da ke shigowa. Sun bar shi a kan za su sake dubawa in ajin yaƙi da jahilci ya yaye rukunin farko.